Keken da Ba a Hawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Rabe,

Ina gaishe ka, gaisuwar uban da bai saba gaida ɗansa a takarda ba. Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, ko kana bisa buhunan albasa cikin kamyo, babbar motar kawunka Sha'aibu, ko kun riga kun sauka Abijan. Allah ya tsare ku da sharrin ƙarfe, da barcin direba, da mugun abokin tafiya. Ya sa ƙasar da za ka taka ta karɓe ka da alheri.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi kamar yadda na san shi. Na sa innarka ta tura takardar nan ƙasan jakarka ne don na san halinka. In na zaunar da kai baki da baki, za ka sunkuyar da kai kana cewa "to, Baba", babban yatsanka kuwa yana ƙaiƙayin salula cikin aljihu. A hanya babu rezo mai kirki, waya ba ta kamawa, ba ka da abin yi sai karatu.

Bari in fara da roƙona, don kada ka gaji kafin ka kai gare shi. Ka dawo gida kafin ruwan shuka. Ka ga ina laluben buta da safe, ka ga na daina gane mutum sai ya yi sallama, amma ban gaya maka abin da likitan ido ya ce ba. Ya ce ba yana ba ce da ake cirewa. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsai da shi ba. A nawa jin, kaka guda ta rage mini da zan iya tsayawa cikin gona in bambanta kan hatsi da kan hatsi. Akwai abin da ya wajaba in nuna maka cikin wannan kakar, game da irin hatsin gidanmu. In ta wuce ba ka nan, ya tafi ke nan.

Ka tuna ranar da ka iske ni gindin bedi bayan la'asar, bakinka har kunne, kana miƙo mini salula? Makonni kana fama da gonar nan taka ta cikin waya, wadda ake shuka da hantsi a girbe kafin a dama fura, babu fari, babu tsuntsu, babu ƙuduji. Ka ce ka ci gasa, an ba ka kyauta. Na kawo gilashin wayar dab da hancina na duba. Keke ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba: ƙafar gaba ta kai tsayin mutum, ta baya ba ta fi faifai ba, sirdin kuwa can sama, sai ka ce don raƙumi anka yi shi. Ka ce irin na Turawan da ne.

Na ce, "To, wa ke hawa?"

Ka ce, "Ba a hawa, Baba, ado ne. Bakin gona ake aje shi, duk wanda ya leƙo ya san ka ci."

Na yi dariya har da tari, ka zaci wautar wasan nake wa dariya. Innarka tana tankaɗe kusa da mu. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi zaure, ta koma ga rariyarta. Ita ta san abin da ya ba ni dariya.

Keken nan da ke rataye a zaurenmu, wanda saboda shi ake ce mini Nomau Mai Keke, kun tashi kun gan shi can sama, kai da yayyenka mata, kuna zaton na yi yawo da shi har na gaji. Ban taɓa ce muku na hau ba, kuma ban taɓa gyara muku zato ba. Tsofaffin garin nan duk sun sani, kunya ce ta hana su gaya muku. Rabe, ban iya keke ba. Ban taɓa iyawa ba.

Abu uku zan gaya maka game da shi. Na farko, yadda ya shigo gidanmu. Ina sabon aure, ƙarfi ya ishe ni, hukuma ta sa gasar noma tsakanin ƙauyukan yankin Dogarawa. Wayyo, wancan zamani. Ba ka ga gayya ba, ɗana, abin da kuke yi yanzu ba gayya ba ce. Samari su jeru tun daga wannan iyaka har waccan, makaɗa na biye da su da ganguna, in ka wuce sa'anka da kunya guda a ambaci sunanka da na kakanka, ka ji kanka ya yi girma kamar ba a wuyanka yake ba. Ƴan mata su taho da ƙwaryar fura a ka, suna yi wa na baya waƙar tsiya. Mu dawo da yamma jiki duk ƙasa, murya ta dushe, amma ba wanda ke jin gajiya sai ya kwanta. Ina kewar wannan lokaci ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Gonakinmu biyu ne kamar yau: ta bakin hanya, da ta jigawa can bayan tudu. Na lura motar malaman gona masu duba gasar ba ta iya rairayi, inda hanya ta tsaya nan suke tsayawa. Sai na kwashe takin gida kakaf na zuba a gonar bakin hanya. Bafulatanin da ya saba kwana da shanunsa a jigawa bayan girbi, na lallashe shi ya dawo da su bakin hanya. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana kallona bai hana ba. Sai ran nan muna cin tuwo ya ce, "Nomau, ta bakin hanya ta ci ta ƙoshi. Waccan fa?"

Na ce, "Baba, waccan wa ke ganinta?"

Ya ce, "Rumbu na ganinta." Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Gonar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Masu wucewa kan jaki suna tsayawa su yi ta kallo. Na ci gasar kuma ban cuci kowa ba, gumina ne. Ranar kasuwar Dogarawa anka tara jama'a, kumandan, babban hukumar yankin, da kansa ya zo, anka turo keke baƙi wul, dogo, mai manyan ƙafafu, da fitila da ƙararrawa, an ɗaura masa jan ƙyalle a ƙaho. Makaɗa sunka rufe ni. Innarka tana cikin mata tana rufe fuska da gyale tana dariya. Har yau in na tuna ranar nan sai in ji sanyi a raina, ba zan yi maka ƙarya in ce na yi nadamarta ba.

Amma jigawa ita ce babbar gona, kuma da yunwa na bar ta, ita ma ta rama. Damman da munka ɗauko daga can ba su kai yadda anka saba ba. Tun kafin bazara ta yi nisa munka fara ganin gindin rumbu. Innarka ta rage awo, tuwo ya koma kunu, kakanka yana sha yana cewa ya fi masa daɗi saboda haƙori. Ni kuwa ina fita ana ce mini sarkin noma.

Kai ma za ka iske gona biyu a can. Kawunka zai sa ka zaɓen albasa a bayan rumfa, inda zafi yake, inda wari yake, inda ba mai ganinka. Za ka ga waɗansu suna jera manya-manya a bakin buhu su bar ruɓaɓɓu a ƙasa, kuma za ka ga ana yaba musu da saurin aiki. Kada ka bi su. Ka zazzage buhu har ƙasa ka tsince ta ɗaya-ɗaya. Matar da za ta saya ta kai gida za ta zazzage shi ko ba ka nan, kuma sunan kawunka za ta ambata.

Na biyu, shi keken kansa. Ka san ni gajere ne, da ni ka yi kama. Da na tsaya kusa da shi, sirdin haƙarƙarina ya kawo. Washegarin ranar da anka ba ni shi, Abarshi, abokina na ƙuruciya, wanda kuke ce wa Baffa Abarshi, ya ce zai koya mini, don shi ya iya tun zamansa Sakkwato. Wautata, sai na zaɓi filin bakin rijiya, da hantsi, lokacin da mata sunka fi yawa, don ina so a gani. Ya riƙe mini sirdi na ɗare, ƙafata da ƙyar take taɓa feda. Ya tura, ya saki. Ƙafar gaba ta nutse cikin rairayi, ƙahon ya juya, sai ga sarkin noma cikin shingen ƙaya, ƙafafu sama. Matan nan sunka saki guga sunka riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ɗauko kirarin da makaɗa sunka yi mini jiya ta dinga rerawa. Na tashi ina cire ƙaya daga wando, na ce keken ne bai saba da rairayi ba.

Abarshi ya biyo ni gida ya ce, "Mu tahi bayan gari inda ƙasa ta yi tauri, ba kowa. Kwana kaɗan ka iya. Kowa sai da ya faɗi." Na ce ina da aiki. Ya sake zuwa, na ce taya nake tausayi. Gaskiyar ita ce na kasa jure a riƙe mini sirdi kamar ƙaramin yaro bayan an yi mini kiɗa gaban kumandan.

Tunda ban iya hawa ba, sai na koma yi masa ado. Duk zuwana Konni sai na sayo wani abu. Na naɗe ƙarfen da robar nan mai launi-launi, ja da kore da rawaya. Na sa geza ta ulu a ƙaho, madubi biyu, furen roba a gaba, na ɗinka wa sirdi riga. Ranar kasuwa in sa babbar riga, in tura shi tun daga gida har Dogarawa ina tafiya a gefensa, ina kaɗa ƙararrawa in na ga mutane. In an ce, "Mai Keke, hau mana," sai in ce hira nake so in yi da masu tafiya ƙasa. Aro kuwa ban ba kowa, don kada wani ya hau a gabana a ga bambanci. Da turawar ta ishe ni, na kafa turaku a bangon zaure na rataye shi, duk baƙon da ya shigo shi yake fara gani.

Ana nan wata kaka, rana tsaka, kakanka ya yanke jiki ya faɗi cikin gona. Munka ɗauko shi gida jikinsa kamar wuta, ba ya gane kowa. Abarshi ya shigo da gudu ya ce, "Sauko da keken in ɗauko likita." Munka sauko da shi. Tayoyin sun tsattsage, iska ba ta zama. Sarƙar ta ci tsatsa ta ƙage. Muna ta fama da famfo, fatarsa ta bushe. Geza da madubi kuwa suna nan lafiya lau, ko ƙura babu, don kullum ina goge su. Abarshi ya jingine shi ya tafi ya kamo jakinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Munka aza tsoho bisa jaki munka nufi wurin likita, ina riƙe da shi ta gefe, Abarshi na ja, cikin rana, ina kuka ina ɓoye fuska. Mun yi nisa sai ya ɗan farfaɗo, ya dubi kunnuwan jakin, ya dube ni, ya ce da ƙaramar murya, "Wanga wace gasa ya ci?" Abarshi ya fashe da dariya yana share hawaye. Allah ya yi da sauran kwana, kakanka ya tashi, ya ƙara shekaru masu yawa. Amma da ya tafi a hanyar nan, ban san inda zan sa kaina ba.

Rabe, za ka sauka garin da ba ka iya komi ba. Faransancin lakwal, na makarantar boko, da kake taƙama da shi, can za su yi maka dariyarsa. Ba ka san motar da ake shiga ba, ba ka san yaren kasuwa ba, ba ka san yadda ake aza buhu a ka ba tare da an karya wuya ba. Ka ce ban iya ba, a nuna mini. Ka faɗi tun da wuri, a yi dariyar a gama, dariyar mutane ba ta kai mako. Tawa da na guje wa ga shi ta bi ni har tsufa. In kuma Allah ya hore maka wani abu mai amfani, ka yi aiki da shi, ka ba ɗan'uwanka aro, ya tsufa a hannun mutane.

Na uku shi ne babba, kuma shi ya kawo mu ga roƙona. Ka ce duk wannan ya ishe ni hankali? Ina. Da anka sake sa gasa, rediyo ne kyautar, na ce sai na haɗa shi da keken. Na ga wani iri a kasuwar Konni, zango, kansa dogo kamar hannun mutum tun daga kafaɗa. Na ce wanga in ya tsaya bakin hanya, ko makaho ya ba ni rediyo. Irin gidanmu kuwa, wanda kakanka ya gada wurin nasa uban, ka san shi: gajere, kai ɗan dunƙule, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Muna ce masa ɗan gajere, ba shi da wani suna. Lokacin tsoho ya sakar mini ragamar gona. Na shuka zango ko'ina, bakin hanya da jigawa. Kawunan ɗan gajere da anka ware na iri na kwaso na zube gaban innarka, na ce ta daka mana fura. Ta ce, "To." Da yamma na sha fura na yi gyatsa, na ɗauka shi ne.

Zango ya tashi, kara ya fi mutum bisa jaki tsawo. Ina zagaya shi ina jin rediyo a kunnena. Yana cikin fid da kai, ruwa ya ɗauke. Munka yi ta duban gabas, munka fita roƙon ruwa, hadari ya taso ya watse. Zango mai son dogon damina ne, ƙasarmu kuwa ba kullum take da shi ba. Kawunan nan dogaye sunka bushe a tsaye, in ka murza sai ƙaiƙayi. Ko malaman gona ba su zo ba, an fasa gasar.

Ina zaune bakin gona na haɗa kai da gwiwa, sai innarka ta zo ta ce in taso in raka ta gamanarta, ɗan filin nan nata na ƙarshen jigawa inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Rabona da wurin tun shuka. Muna zuwa na ga ɗan gajere tsaye, ya nuna tun kafin ruwan ya ɗauke, kawuna cike har baki, kakanka na zaune a inuwa yana korar tsuntsu. Ashe hatsin ci ta daka mini ran nan, irin kuwa ita da tsoho sunka lallaɓa sunka shuka. Na ce, "Don mi ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da ka ji?"

Abin da ya fito a gamanar bai isa ci ba, shekarar sai da na tafi bida, cin rani can Abijan, ba da sona ba. Amma ya isa iri. Duk hatsin da ka ci tun haihuwarka daga ɗan filin nan ya fito.

A kakar da ta biyo kakanka ya kama hannuna ya shiga da ni gona kafin a fara yanka. Ya nuna mini yadda ake zaɓen iri tun hatsi na tsaye. Ba a ɗauka a gefe, don na gefe ya sha iskar gonar maƙwabta ya gauraya. Ana neman gindin da ƴaƴansa sunka nuna tare, kan da ya cika har tsini, ƙwaya a matse. Waɗanga duk zan iya rubuta maka, hannu ma yana gane su. Amma akwai launi. Ɗan gajere na asali yana da wani toka-toka da ke ɗaukar ido in rana ta taso, wanda ya gauraya kuwa yana ɗan ja da baya zuwa rawaya. Tazarar kaɗan ce. Ba ta faɗuwa da baki, sai an ɗora kai biyu a tafin hannunka an ce wanga, ba wanga ba, yau da gobe har idonka ya kama. In an yi kaka biyu ana ɗiba da ka, irin ya narke cikin na mutane, ya zama hatsi kawai.

Ka dubi garinmu yau. Kowa irin kasuwa yake shukawa, ko abin da ya samu. Shekarar da ruwa ya makara, ba ka ga masu sallama a ƙofarmu ba, har daga Tajaye, suna neman ko cikin tafi guda? Gidanmu kaɗai ya rage da shi tsantsa. Yayyenka suna gidajen mazansu, irin can suke shukawa. Innarka ita ta cece shi, amma ban taɓa nuna mata zaɓe ba, yanzu kuwa ƙugunta ba ya kai ta jigawa. Kai ma ban nuna maka ba. Shekara da shekaru ina sa ka ɗaukar dami, in shiga tsakiyar gona ni kaɗai. Ina ce wa kaina kana lakwal, akwai lokaci. Da na zauna na yi tunani bayan maganar likita, sai na ga ba haka ba ne. Daɗi nake ji a ce Nomau kaɗai ya san ɗan gajere. Na rataye sanin nan a bango ina goge shi, kamar yadda na yi da keken.

Shi keken ma ai ka san aikinsa na yau. Shekarar da ɓeraye sunka shiga rumbu sunka taɓa irin, innarka ta kwaso abin da ya rage, ta taka turmi, ta ɗaure kawunan a ƙaho da ƙarfen tsakiya, inda ɓera ba ya kai, gara ba ta hawa. Tana ɗauri tana cewa, "Bari dai ya yi wani aiki kafin mu mutu." Tun ran nan nan ne mazaunin iri. Yanzu haka ina rubutun nan a ƙarƙashinsa, takarda dab da hancina, gezar ta koɗe, madubi ɗaya ya fashe, ɗan gajere na reto a kaina.

Ban hana ka wasanka ba. Mu ma mun ɓata yini a kan dara har an yi mana faɗa. Ka yi nomanka na salula in ka gaji da aiki, ka jera kekenka mai babbar ƙafa bakin gonarka, na ga yadda ya faranta maka rai, kuma na san wannan farin cikin, na ɗanɗana shi. Tafiyarka ma ban hana ba, namiji sai ya fita ya ga duniya, gidan kuma yana bukatar abin da za ka samo. Abin da nake tsoro guda ne. Idan lokacin dawowa ya yi, za ka duba hannunka ka ga bai kai yadda kake so ba. Wani zai ce ka ƙara wata biyu ka koma da moto, ka shiga gari bisa babur ɗinka ana kallonka. Na ga samari da yawa da sunka ƙara wata biyun nan. Sun shigo da moto mai walƙiya, hatsin mutane ya kai gwiwa, gonar ubansu ciyawa ce. Kada ka jira abin nunawa. Ko da rigar da ka tafi da ita ce kaɗai a jikinka, ka taho, ba wanda zai tambaye ka a gidan nan mi ka kawo.

Ba sai an kira ka a waya ba, ga alama. Damina a can take farawa kafin ta iso mu, na gani da idona shekarar da na yi bida. In ka ga ruwa ya fara dukan Abijan da gaske, yau ruwa gobe ruwa, har kuna rufe albasa da tamfol, to wannan ruwan namu ne, hanya ya biyo ta wurinku. A hankali yake tahowa arewa, ƙasa bayan ƙasa. Kamyo ya fi shi sauri. Ka sallami kawunka, na riga na yi magana da shi, ka hau na farko da ya juyo gida, ka riga ruwan isowa. Kai za ka riƙe sungumi, ni in bi ka ina jefa iri ina rufewa da ƙafa, wannan ko ba ido ina iyawa. Mu yi noma, mu jira kaka. Sannan mu shiga tsakiyar jigawa da hantsi, ni da kai, in ɗora maka kai biyu a tafin hannu tun ina iya ganinsu.

In ka ɗaga rigarka ta ƙasa cikin jakar nan, za ka iske wani abu naɗe da tsumma. Kan ɗan gajere ne guda, na kwance shi daga ƙahon keken da hannuna. Na fita da shi rana na daɗe ina juya shi kafin in tabbata na asali ne, abin da a da kallo ɗaya yake isata. Ba na ci ba ne, ba na shukawa can ba ne. Ka riƙa buɗe shi da safe kana duban launinsa, idonka ya fara sabawa. Innarka ta ga gurbin da ya bari ta ce in cike da wani, na ce a bar shi haka. Irin bana bai cika ba sai ka dawo da shi.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare ka da ciwo a baƙon wuri, ya tsare hannunka da abin mutane, ya haɗa ka da masu tsoronsa. Ka riƙe salla ko a bisa buhu ne. Innarka na gaishe ka, ta ce ƙuli-ƙulin na cikin baƙar leda, kada ka rabar da shi duka tun kafin ku wuce Konni. Baffa Abarshi ya ce a gaya maka har yanzu yana nan a kan bakansa, in na shirya zai riƙe mini sirdi. Allah ya yi maka albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya sa in gan ka da idona.

Ni ne babanka,
Nomau Mai Keke